Mayen Ƙarfe da Lantarki: Darasin da Ya Kamata Ɗan Surko Ya Taɓa da Hannunsa

A wannan mako zan karkata akalar alƙalamina zuwa azuzuwan firamare da ƙaramar sakandare, musamman na kudancin Jigawa, wato ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, domin mu tattauna a kan wani darasi da ake yi wa kallon mai wuya, alhali kayan koyar da shi suna zube a kasuwanninmu, wasu ma a kan juji. Ina nufin darasin maganaɗisu, wanda Bahaushe ya yi wa laƙabi da mayen ƙarfe, da ɗan'uwansa lantarki.

Duk wanda ya tashi daga Birnin Kudu ya nufi Surko ko Sundumina ko Kantoga, ko ya shiga ƙasar Gwaram ya leƙa Sara da Basirka, zai ga cewa lantarki ya riga ya shiga rayuwar karkara, ko gari yana da falwaya ko ba shi da ita. Ga shagon cajin waya da ƙaramin janaretansa, ga farantin sola a kan rufin kwano, ga rijiyar burtsatse da hasken rana ke ɗaga ruwanta zuwa tanki, ga lasifikar masallaci, ga babur, ga tocila a hannun kowa. Yaron yau ya buɗe ido ya tarar da waɗannan abubuwa kamar yadda mu muka tarar da aci-balbal da fitilar ƙwai. Amma tare shi ka tambaye shi: me ke cikin janareta da yake haifar da wuta? Me ya sa tsuntsu ke sauka a kan wayar wuta ya yi kukansa lafiya, mutum kuwa in ya taɓa ta sai wani ikon Allah? Ko dai ya yi shiru, ko ya karanto maka wata jimlar Turanci da ya haddace bai san inda ta dosa ba.

Mu da muke koyarwa a jami'a, ƙarshen wannan matsala muke gani. Ɗalibi zai zo ajin farko da sakamako mai kyau, ya iya rubuta dokokin lantarki a takarda babu kuskure, amma in ka miƙa masa batir da waya da ƙwan fitila ka ce ya haɗa, sai ka ga hannunsa yana rawa. Ba daƙiƙi ba ne. Tun daga tushe ne aka koya masa abin da ake taɓawa kamar abin da ake bayar da labarinsa. Ra'ayina shi ne, ginshiƙan wannan ilimi ba su fi huɗu ba, kuma malamin da ke Surko zai iya kafa su duka a zuciyar yaro ɗan shekara goma, da Hausa, da kayan da kuɗinsu bai kai na buhun siminti ɗaya ba. Bari in jero su, tare da yadda za a nuna kowanne.

Na farko: halin mayen ƙarfe

Kalmar maganaɗisu daga Larabci muka aro ta, su kuma Larabawa daga Girkanci, kuma ana danganta asalinta da wani yanki mai suna Maganisiya, inda mutanen da suke tsintar wani baƙin dutse mai jan ƙarfe zuwa jikinsa. Malam ba ya bukatar wannan dutse. A bayan kowace matacciyar lasifika akwai zoben maganaɗisu, kuma mai gyaran rediyo na kasuwa zai ciro masa.

Sai a zuba wa yara tarkace a kan tabarma: ƙusa, allura, gwangwanin tumatir, gwangwanin lemo, guntun wayar jan ƙarfe, tsinke, dutse, roba. Kafin a gwada, a tambaye su wanne zai kama, wanne zai ƙi. Yawancinsu za su ce duk abin da yake ƙarfe zai kama. Nan ne darasin yake, domin gwangwanin tumatir zai manne, na lemo kuwa ko gezau, saboda shi na alminiyom ne. Mayen ƙarfe ba kowane ƙarfe yake ci ba: yana kama baƙin ƙarfe da danginsa, amma ba ruwansa da alminiyom da jan ƙarfe da zinariya da azurfa. Da wannan sani ne 'yan gwangwan suke rarrabe kayansu kafin su ɗora a sikeli, tela yake tsince allurai daga ƙasa, mai sayen zinari yake fara tankaɗe jabu, ko da yake ƙin mannewa kaɗai ba ya tabbatar da cewa abu zinari ne.

Hali na biyu shi ne kowane maganaɗisu yana da kai biyu, ana kiran ɗaya kan arewa, ɗayan kan kudu. Kawuna iri ɗaya suna ture juna, mabambanta kuwa suna janyo juna. A zura zobe biyu a jikin fensir, fuskokinsu masu kama da juna suna kallon juna, yara za su ga na sama yana lilo a iska, babu abin da ya tokare shi. Ban san wani bayani na baki da zai kai wannan gani tasiri ba. Gani ai ya kori ji. In zobe ya fashe biyu kada a yar, domin kowane ɓari ya zama cikakken maganaɗisu mai nasa kai biyu.

Hali na uku shi ne ƙarfinsa yana aiki daga nesa, yana ratsa takarda da kwali da ruwa. A roƙi mai walda ko maƙeri garin ƙarfen da ke zuba a ƙarƙashin dutsen washinsa, a shimfiɗa takarda a kan maganaɗisu, a barbaɗa garin a kai, a ɗan ƙwanƙwasa. Garin zai jeru layi-layi, ya zana siffar abin da ido ba ya gani. Wannan shi ne fagen maganaɗisu, wato iyakar inda ikonsa yake kaiwa.

Na biyu: allura da alƙibla

A ɗauki allurar ɗinki a goga ta da fuska ɗaya ta maganaɗisu, daga kunne zuwa tsini, ana ɗaga hannu ana komawa farko, kamar sau hamsin. Sai a ɗora ta a kan ɗan ganye a cikin kwanon roba mai ruwa, a nisanta zoben da duk wani ƙarfe. Allurar za ta juya a hankali ta tsaya, kai ɗaya yana duban arewa, ɗayan kudu. A juya ta, za ta koma inda take. A kai kwanon ƙofar aji ko gindin bishiya, haka za ta yi.

Dalili shi ne ita kanta duniyar da muke takawa ƙaton maganaɗisu ce, saboda narkakken ƙarfen da ke motsi can cikin cikinta. Wannan allura a kan ganye ita ce kamfas, kuma tarihinta ya ratsa ta hannun al'ummu da dama. Wani masani na ƙasar Sin mai suna Shen Kuo ya bayyana ta a rubuce wajen shekarar 1088. A ƙarshen ƙarni na 13, Sarkin Yaman Al-Ashraf Umar ya rubuta bayanin yadda ake amfani da ita wajen gano alƙibla, kuma irin tasa ma a cikin kwano mai ruwa take. Sai a shekarar 1600 wani likitan Ingila, William Gilbert, ya wallafa littafin da ya nuna cewa duniya ce da kanta take jan allurar.

Ga abin da zai sa wannan darasi ya zauna a ran ɗan Islamiyya. Daga ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, alƙibla tana wajen digiri 67 in an ƙirga daga arewa zuwa gabas. Wato ba gabas sak ba ce, gabas ce mai karkata arewa. Yaron da ya gano arewa da allurar mahaifiyarsa, ya auna wannan kusurwa a ƙasa, sannan ya ɗaga kai ya ga ta dace da yadda masallacin garinsu ya fuskanta, ya koyi kimiyya da lissafi da labarin ƙasa a zama ɗaya, kuma ba zai ƙara ɗaukar kimiyya a matsayin baƙuwar da ba ta san gidansu ba.

Na uku: lantarki sai da hanya, kuma sai ta zagayo

Lokacin hunturu ne ya fi dacewa a fara wannan babi. Kowane yaro ya san tartsatsin da ke tashi in ya cire rigar sanyi da dare, da ɗan jan da yake ji in ya taɓa ƙofar mota. A sa yara su goga bututun biro a gashin kansu, su kusantar da shi ga yagaggun takardu ƙanana, za su ga takardun suna tsalle. Girkawan da sun lura da haka in suka goga wani daskararren ƙaro da suke kira elektiron. Daga nan Turawa suka samo sunan abin, mu kuma muka lanƙwasa shi ya zama lantarki.

Bayanin a taƙaice shi ne, duk wani abu an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, kuma a jikin kowace ƙwaya akwai wasu 'yan mitsi-mitsi da ake kira ilektiron. Guga tana kwashe su daga wani abu ta tara a wani. In sun taru wuri ɗaya sun rasa hanya, shi ne lantarki mai kwanciya, irin na biro. In suka sami hanya suka dinga gudu a jere, shi ne wutar da muke amfani da ita. A shekarar 1800 wani Ba'italiye, Alessandro Volta, ya ƙirƙiro batir na farko, wanda ya ba ɗan Adam damar samun wannan gudu ba tare da yankewa ba.

Sai a ba kowane rukunin yara batir biyu na tocila, da waya biyu, da ɗan ƙwai da aka ciro daga matacciyar tocila. A bar su su yi ta gwadawa. Za su gano da kansu cewa waya ɗaya ba ta kunna ƙwai. Dole wuta ta fita daga wannan kai na batir, ta ratsa ƙwan, ta komo ta ɗaya kan. In irin ƙwan zamani ne mai ƙafa biyu ya ƙi kamawa, a juya ƙafafunsa, domin ta fuska ɗaya kawai yake barin wuta ta wuce. Wannan zagaye shi ne ƙashin bayan ilimin lantarki baki ɗaya, makunni kuwa ba komai ba ne illa gadar da ake ɗagewa a yanke hanyar. Daga nan a yanke waya ɗaya a tsakiya, a riƙa cike gurbin da abubuwa dabam-dabam. Ƙusa da cokali da mukulli za su bar wuta ta wuce, busasshen kara da silifa da leda za su tare ta. Yanzu yaro ya san dalilin da ya sa cikin waya jan ƙarfe ne, bayanta roba.

Saura ma'auni, kuma a nan tankin burtsatsen garin ya isa misali. Tsawon da aka ɗaga tanki shi ke ba ruwa ƙarfin turawa. A lantarki wannan turi shi ake aunawa da bolt. Yawan ruwan da ke wucewa ta bututu shi ne kwatankwacin amfiya. Ƙuncin bututu, wanda ke hana ruwa sakewa, shi ne turjiya. Bajamushe Georg Ohm ya nuna a shekarar 1827 cewa in turi ya ƙaru gudu yana ƙaruwa, in turjiya ta ƙaru gudu yana raguwa. Batirin tocila bolt ɗaya da rabi ne, na mota bolt 12, wutar soket kuwa wajen bolt 230.

In aka ninka bolt da amfiya sai a sami wat, wato yawan cin wutar kowace na'ura. Ƙwan zamani mai wat 10 da dutsen guga mai wat 1,000 ba ɗaya ba ne: dutsen guga ɗaya yana cin abincin ƙwai 100. Shi ya sa ƙaramin janareta ke ɗaukar fitilu da fanka da cajin waya, amma ya shaƙe da zarar an jona masa dutsen guga. Yunit ɗin da mita ke ƙirgawa kuma shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Ɗan aji shida zai iya wannan lissafi, ya kuma iya gaya wa mahaifinsa ko farantin solar da ake tallata masa zai ɗauki kayan gidan ko ba zai ɗauka ba.

Na huɗu: Ɗanjuma ne da Ɗanjummai

Shekaru aru-aru masana suna ɗaukar maganaɗisu da lantarki a matsayin abubuwa biyu da ba su haɗa hanya ba. A shekarar 1820 wani malamin jami'a a birnin Kofanhegan na ƙasar Denmak, Hans Christian Oersted, ya lura cewa allurar kamfas tana karkacewa in wuta ta bi ta wayar da ke kusa da ita. Ajinmu na Surko zai iya maimaita wannan gwaji tsaf: a miƙe waya a saman allurar da ke kan ganye, ta bi tsawonta, a taɓa bakin wayar biyu a jikin batir na ɗan lokaci. Allurar za ta zabura ta juya. Ashe duk wayar da wuta ke bi ta cikinta tana da nata fagen maganaɗisu.

A ƙara gaba. A naɗe doguwar ƙusa da siririyar waya mai rufi kamar sau hamsin, irin wadda masu naɗin fanka ke zubarwa, a kankare bakinta biyu, a jona da batir ɗaya. Ƙusar za ta ɗauki allurai, a cire batir ta sake su. An sami mayen ƙarfen da ake kunnawa a kashe. A lura dai, wayar tana zafi da wuri, don haka daƙiƙa kaɗan ta isa. Wannan turi da ja tsakanin naɗin waya da maganaɗisu shi ke juya fanka, shi ke juya famfon da ke ƙarƙashin rijiyar burtsatse, shi ke girgiza takardar lasifika har muryar ladan ta kai bayan gari.

Sai tambaya ta biyo baya: tunda lantarki yana haifar da maganaɗisu, shin maganaɗisu zai haifi lantarki? Wanda ya amsa ta a shekarar 1831 shi ne Michael Faraday na Ingila, kuma ina so malamai su ba yara tarihinsa. Ɗan maƙeri ne, talaka, bai yi zurfi a makaranta ba. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, a nan ya riƙa karanta abin da aka kawo a ɗinka. Shi ne ya gano cewa in maganaɗisu yana motsi kusa da naɗin waya, wuta tana gudana a wayar, in ya tsaya cik ita ma ta tsaya. Motsin shi ne sirrin.

Dattawa za su tuna fitilar keke mai ɗan tulu da ke gogar taya, wadda haskenta ke ƙaruwa in an ƙara gudu. Wannan ɗan tulu janareta ne cikakke. Malam zai iya nuna haka da ɗan injin da ke juya kaset a tsohuwar rakoda: a ba shi batir ya juya, a cire batir a jona masa ɗan jan ƙwai a murza shi da sauri, ƙwan ya ƙifta. Abu ɗaya ne yake aiki gaba da baya. Janaretan shagon caji ma haka yake. Fetur ba ya zama wuta kai tsaye, aikinsa kawai ya juya maganaɗisu a tsakiyar naɗin waya. Farantin sola ne kaɗai ya fita daban, domin shi babu abin da ke juyawa a cikinsa, hasken rana ne ke tunkuɗa ilektiron kai tsaye.

Daga Shiroro zuwa soket

Yaron da ya fahimci ɗan tulun keke ya fahimci tashoshin wutar ƙasar nan. A madatsar Kainji da aka kammala a 1968, da ta Jebba ta 1985, da ta Shiroro ta 1990 mai ƙarfin megawat 600, ruwa ne ke faɗowa ya juya manyan injuna. A yawancin sauran tashoshi kuma iskar gas ake ƙonawa ta yi wannan aiki. Daga Shiroro wuta tana bin manyan layuka masu bolt 330,000 zuwa Mando a Kaduna, ta wuce Kumbotso a Kano. Daga nan ake sauke ta mataki-mataki, zuwa 132,000, zuwa 33,000, zuwa 11,000, har ta iso gida tana 230.

Mai wannan hawa da sauka shi ne taransifoma, wanda cikinsa naɗin waya biyu ne a jikin ƙarfe ɗaya, ba sa taɓa juna, maganaɗisu ne ɗan aike a tsakaninsu. Ana ɗaga bolt ne don a rage amfiya, domin yawan amfiya shi ke zafafa waya ya sa wuta ta salwanta a doguwar tafiya. A watan Oktoba na 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin da ke biyowa ta Binuwai da Jos ya sami matsala, yawancin jihohin Arewa sun kwashe fiye da mako guda cikin duhu. Abin da ya faru shi ne darasin nan na batir da ƙwai: hanya ta yanke.

Ilimin da ke tsare rai

Ko da babu jarrabawa, wannan darasi ya cancanci lokacinsa saboda rayukan da zai tsare. Tsuntsu yana tsira ne domin ƙafafunsa biyu suna kan waya ɗaya, wuta ba ta da dalilin ratsa jikinsa. Mutumin da ke tsaye a ƙasa kuwa, in ya taɓa waya ya zama hanya tsakaninta da ƙasa, kuma ɗan abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba zai iya tsayar da zuciya. Jiƙaƙƙen jiki yana rage turjiya, shi ya sa haɗarin ya fi yawa da damina. Yaro ya sani: ba a kusantar wayar da iska ta tsinke, ba a kaɗo mangwaro da ɗanyen gora ko sandar ƙarfe kusa da layin wuta, ba a taɓa soket da jiƙaƙƙen hannu. In wuta ta kama mutum ba a cafko shi. A kashe ta daga tushe, in ta gida ce kuma makunni ya yi nisa a ture shi da busasshen itace. Duk gwajin aji kuwa da batirin tocila ake yi, ba a kai shi soket ko da wasa.

Siririyar wayar da aka ɗora wa kaya fiye da ƙarfinta tana zafi har robarta ta narke, kuma nan ne mafarin gobara da yawa a gidaje da kasuwanni. An yi fis ne don ya ƙone kafin gida ya ƙone. Wanda ya maye gurbinsa da kakkaurar waya ya kori mai gadi ne da hannunsa. Hayaƙin janareta kuma yana ɗauke da gubar da ba ta da wari, don haka ba a kwana da shi a ɗaki ko a rufaffen zaure.

Walƙiya ma lantarki ce, irin tartsatsin rigar sanyi, sai dai girmanta ya wuce misali. Benjamin Franklin na Amurka ya tabbatar da haka a 1752. Ta fi faɗa wa abin da ya fi tsawo a fili. Manomi da makiyayi su guji fakewa a gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, yaran Birnin Kudu kuma su sauko daga kan duwatsu in hadari ya haɗo. Haske yana riga ƙara isowa, kuma kowace daƙiƙa uku tsakanin walƙiya da tsawa tana nufin nisan kilomita ɗaya. Sanin sababi ba ya rage wa mumini tsoron Mahaliccin sababin. Rigakafi ne, wanda aka ce ya fi magani.

To, ina mafita?

Za a ce jarrabawa da Turanci ake yin ta. Gaskiya ne, kuma ban ce a jefar da kalmomin Turanci ba. A fara da hannu, a bi da bayani da harshen da yaro yake mafarki da shi, sannan a laƙaba wa abin sunansa na Turanci, sunan zai sami inda zai zauna. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare har da kimiyya da lissafi, ya nuna cewa yaran ba su gaza takwarorinsu ba, a darussa da dama ma sun fi su.

Mun kuma taɓa ganin abin da niyya ke yi. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda aka buɗe a 1977 lokacin da ƙasar nan take cikin tsohuwar Jihar Kano, sun yaye likitoci da injiniyoyi masu ɗimbin yawa. Sai dai irin waɗannan makarantu suna karɓar wanda ya riga ya tsallake ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗanyen yana firamare. A Malawi, William Kamkwamba yana ɗan shekara 14, yunwa da rashin kuɗi sun fitar da shi daga makaranta, ya haɗa injin iska da tarkace da ɗan tulun keke ya haska gidansu, bayan ya ga hoto a wani littafi na ɗakin karatun ƙauye. Irinsa suna nan a Kiyako da Fagam, maza da mata, suna jiran wanda zai miƙa musu waya da batir.

Shawarata ga Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Jigawa da sakatarorin ilimi na Birnin Kudu da Gwaram ita ce, kowace firamare ta mallaki akwati ɗaya mai zoben lasifika, ƙusoshi, allurai, waya, batir da ƙananan ƙwai. Kwamitocin iyaye za su iya haɗa shi ba tare da jiran kwangila ba. Kwalejin Ilimi ta Gumel ta tabbatar duk malamin kimiyyar da za ta yaye ya yi waɗannan gwaje-gwaje da hannunsa. Ɗaliban kimiyya na Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, in sun dawo hutu, su ba firamaren garinsu yini ɗaya. Tsofaffin ɗaliban Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, wadda ta yaye manyan mutane har da Alhaji Aliko Ɗangote, su waiwayi ƙananan makarantun da ke ciyar da ita. Shugaban makaranta kuma ya gayyato mai naɗin fanka da mai haɗa sola na garin su buɗe kayan aikinsu a gaban yara, domin da ɗan gari akan ci gari.

Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta a cikin iyakokinsu, rana kuwa Allah Ya hore mana ita a Jigawa. Faranti da batir za su ci gaba da shigowa ƙauyukanmu. Abin da ya rage mu yanke shi ne ko 'ya'yanmu ne za su haɗa su su gyara su, ko kuwa famfon gari zai riƙa tsayawa wata da watanni ana jiran mai gyara daga Kano. Malamin da ya gwada ko ɗaya daga cikin waɗannan gwaje-gwaje ya rubuto mana yadda ta kaya da irin tambayoyin da yara suka yi masa, za mu buga a wannan fili. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba batirin sola da dalilan da ke sa ya mutu kafin lokacinsa. Na bar ku lafiya.